Tambaya: ta yaya ɗakin karatu na jama'a zai fara shirin kimiyya na yara alhali babu kuɗi?

Malama Mai Laburare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a wani ɗakin karatu na jama'a a ɗaya daga cikin jihohin Arewa maso Yamma, kuma shugabanmu ya ɗora mini nauyin rubuta tsarin wani shiri na kimiyya domin yaran firamare da na ƙaramar sakandare, wanda za a riƙa gudanarwa a ranakun Asabar. Halin da muke ciki shi ne, mafi yawan masu zuwa wurinmu ɗalibai ne da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, suna zuwa da littattafansu suna neman wurin da babu hayaniya, ƙananan yara kuwa ba su ma san cewa ƙofar a buɗe take gare su ba. Muna da zaure ɗaya mai faɗi da fili a bayansa, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma a cikin ma'aikatanmu babu wanda ya karanta kimiyya.

Wani abokin aikina yana ganin wannan aikin makaranta ne, ba na laburare ba. Ina son in ji daga waɗanda suka san abin: shin an taɓa yin haka a wasu wurare har ya ɗore, kuma da me ya kamata mu fara?

Ɗan Zazzau a Amurka ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. A nan Amurka abin ya daɗe da zama aikin yau da kullum na laburare, kuma galibin masu gudanar da shi ba masana kimiyya ba ne, saboda haka kada rashin masanin kimiyya a cikinku ya karya muku gwiwa.

Akwai wata cibiya a garin Boulder na jihar Colorado mai suna Space Science Institute, wadda ke tafiyar da wani tsari da ake kira STAR Net, aikinsa shi ne horar da ma'aikatan laburare da tanadar musu darussan da aka riga aka gwada. Lokacin husufin rana na 21 ga Agusta 2017, ta hannun wannan tsari aka raba tabarau na kallon husufi fiye da miliyan 2 ga ɗakunan karatu kimanin 7,000, sannan domin husufin Oktoba 2023 da na 8 ga Afrilu 2024 aka tanadi miliyan 5. An zaɓi laburare ne saboda kusan kowane gari yana da shi, kuma kowa na iya shiga ba tare da an tambaye shi kuɗi ko takardar makaranta ba. Wannan ita ce amsar da zan ba abokin aikinki: makaranta tana karɓar wanda aka rubuta sunansa a rajista ne kawai, laburare kuwa yana karɓar ɗan makarantar gwamnati da ɗan makarantar kuɗi da almajiri da mahaifiyar da ta rako su.

Abin da ya fi burge ni, duk da haka, ƙarami ne. A 2008 ƙungiyar masu sha'awar taurari ta jihar New Hampshire ta fara ba ɗakunan karatu wani ƙaramin madubin hangen nesa, Orion StarBlast mai faɗin inci 4.5, domin a riƙa bayar da shi aro kamar yadda ake bayar da littafi. Sun gyara shi ta yadda sassansa ba za su ɓace ba, suka haɗa shi da ɗan littafin bayani, kuma aka ba kowane laburare wani ɗan ƙungiyar da zai riƙa duba lafiyar madubin. Da shi mutum zai ga ramukan da ke jikin wata, da manyan watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari (Jupiter), da zoben duniyar Zuhal (Saturn). Tsarin ya bazu zuwa jihohi da dama, kuma a ganina sirrinsa shi ne wancan mutumin da aka ɗora wa alhakin kulawa, ba madubin ba.

Malamin Fiziks ya amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Shawarata ita ce ki fara da filin da ke bayan zaurenku, domin rana ba ta buƙatar janareta.

Kano tana kan digiri 12 a arewacin layin da ya raba duniya biyu, kuma duk garin da ke tsakanin wannan layi da digiri 23 da rabi, rana tana tsayawa daidai a kansa sau biyu a shekara. A Kano hakan yana faruwa ne wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, garuruwan da ke kusa kuma sukan bambanta da 'yan kwanaki. A irin wannan rana, idan aka kafa sanda a miƙe sosai, da ƙarfe 12 da rabi saura kaɗan inuwarta takan ɓace gaba ɗaya. Yaranmu da suka karanta babin lokutan salla sun riga sun san zawali, sun san cewa inuwa tana raguwa har ta tsaya sannan ta fara ƙaruwa, saboda haka ba baƙon abu za a kawo musu ba, za a ba su awo ne su auna abin da suka sani.

Daga nan sai a ɗora babban darasin. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, wani masani Bagirke mai suna Eratosthenes ya ji cewa a Aswan ta ƙasar Masar akwai ranar da rana ke tsayawa a tsakar ka, alhali a Iskandariyya a wannan ranar inuwa tana nuna karkata ta digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka tazarar garuruwan biyu sau 50, ya sami kewayen duniya. Shi kansa shugaban laburaren Iskandariyya ne, ga abokin aikinki ya ƙara ji. Abin sha'awa shi ne Fatakwal tana kan digiri 4.8, wato tsakaninta da Kano akwai digiri 7.2 ɗin nan, kuma tazararsu daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 800 ce. A ranar da sanda ta rasa inuwa a Kano, sanda mai tsawon mita ɗaya a Fatakwal za ta yi inuwar santimita 12 zuwa 13, tana fuskantar kudu. Yara su ninka 800 sau 50, su ga 40,000 ta fito, wato kewayen duniya da kilomita. Abin da ake buƙata shi ne sanda da igiya mai nauyi a ƙasa domin daidaita ta, da tef na tela, da wani malami a can kudu da zai aiko da awonsa ta WhatsApp. Na fi son Afrilu, domin a Agusta hadari na iya ɓata shirin.

Sai kuma ki sa 2 ga Agusta 2027 a gaba. Ranar Litinin ce, za a yi cikakken husufin rana da zai bi ta Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar da Saudiyya, har ya wuce minti 6 a kusa da Luxor, mu kuma a nan za mu ga wani ɓangare na rana ya rufe da hantsi idan sama ta yi garau. Manya da yawa suna tuna na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Ghana da Togo da Benin da Najeriya da Nijar. Kallon rana kai tsaye yana ƙona ido ba tare da mutum ya ji zafi ba, kuma baƙin tabarau na kasuwa ko gilashin da aka yi wa hayaƙi ba sa karewa. Tabarau na gaske suna ɗauke da lambar ISO 12312-2. Idan ba a samu ba, a huda kwali da allura, yaro ya juya wa rana baya, hasken ya faɗa kan farar takarda, zai ga siffar ranar da aka gutsure. Ya kamata a nemi limamin unguwa tun da wuri, a tsara yadda bayanin zai zo kafin sallar husufi ko bayanta.

Idan an sami ɗan kuɗi, akwai Foldscope, madubin ganin ƙananan halittu da aka yi da takarda, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford. Yana ƙara girman abu sau 140, ya isa a ga ƙwayoyin fatar albasa da halittun da ke cikin ruwan kududdufi. Tsofaffin kwamfutoci kuma za su iya ɗaukar darussan PhET na Jami'ar Colorado, wato gwaje-gwajen kimiyya da ake kwaikwayonsu a kwamfuta, waɗanda ake saukewa sau ɗaya a yi ta amfani da su ba tare da intanet ba.

Hajiya Tsohuwar Ma'aikaciya ta amsa:

'Yata, na karanta abin da malamai biyu suka rubuta, kuma ban ga abin musantawa ba, sai dai ina son ki kula da abin da ke kashe irin waɗannan shirye-shirye a wurinmu. Na yi aiki a wani laburare inda aka kawo kayan kyauta, aka yi bikin buɗewa da manyan baƙi, washegari aka kulle kayan a sito domin kowa yana tsoron a ce a hannunsa suka lalace, har batiransu suka mutu ba a taɓa kunna su ba. Saboda haka a cikin takardar da za ki miƙa wa shugabanku, ki rubuta ƙarara cewa kayan da yara ke taɓawa dole su lalace, kuma ba za a cire kuɗinsu daga albashin ma'aikaci ba. Ki kuma nemi a rubuta aikin Asabar a cikin jadawalin aiki, a ba wanda ya yi shi hutun wata rana, domin aikin sa kai na ma'aikaci ɗaya yana ƙarewa ne ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Game da ko an yi a nahiyarmu, an yi. Laburaren yankin Volta da ke garin Ho a Ghana, da tallafin EIFL, wata ƙungiya mai taimaka wa ɗakunan karatu, ya riƙa ɗora kwamfutocin tafi-da-gidanka masu caji da hasken rana a motarsa ta yawo da littattafai, yana kai su ƙananan sakandaren karkara inda ake jarraba yara a darasin kwamfuta alhali ba su taɓa taɓa ta ba, daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa wasu yankuna. Abin lura shi ne sun ɗaure shirin da jarrabawar da iyaye da shugabannin makarantu suka damu da ita. Ke ma ki duba manhajar kimiyya ta ƙaramar sakandare, ki nuna wa iyaye babin da kowane zama ya taɓa, in ba haka ba za su ɗauka wasa ake yi.

Sai batun lokaci. Yawancin yaranmu suna Islamiyya ranar Asabar da Lahadi, wasu da safe wasu da yamma, Alhamis da Juma'a ne suke hutu, don haka ki tambayi makarantun unguwarku kafin ki tsayar da rana. Kallon taurari da dare kuma ba zai yiwu ga 'yan mata ba sai an gayyaci iyaye mata, an yi shi tsakanin Magariba da Isha a kwanakin da rabin fuskar wata ke haske, wato wajen kwana bakwai da tsayuwarsa, lokacin da ramukansa suka fi fitowa. A yi bayani da Hausa, a rubuta kalmomin jarrabawa da Turanci a allo. Kuma kowane zama ya ƙare da littafi a kan tebur da katin rajista, domin da adadin sababbin masu aro ne za ki kare shirin a gaban hukumarku idan lokacin kasafi ya zo.

Malama Mai Laburare ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan tambayi makarantun Islamiyya na unguwar a wannan makon, kuma zan sa batun lalacewar kaya a takardar. Malam, garinmu yana arewa da Kano kaɗan, don haka ina roƙon ka bayyana yadda zan gano ranar da inuwa za ta ɓace a wurinmu, da kuma ko lissafin zai yi idan abokin awonmu yana Abuja ne maimakon Fatakwal.