Musayar Waƙa: Fasinja Ya Hau Mota Da Bindiga Ko Kar Ya Hau?

Ɗan Shinkafi:
Salam 'yan uwa, yau ni zan buɗe fage. Abin da ke cina shi ne mutumin kirki mai bin doka, ba ɓarawo ba ba ɗan daba ba, a bar shi ya hau motar haya ko jirgin ƙasa da bindigarsa ko a hana shi, ni dai na ce a bar shi. Sharaɗi ƙwar huɗu ne kuma ɗangon ƙarshe ya sauka a kan "ga", wanda ya kauce zai biya tara.

Bismillahi da shi nake farawa,
Sarkin da ke bayarwa da hanawa,
Ka ba ni baki mai iya tsarawa,
In yi batun fasinja da bindiga.

Mun bar tasha muna ta salati,
Ido a daji, ido a kan titi,
Rai na lissafi minti-minti,
Jira muke kawai a tare, a buga.

Su uku-uku a kan baburansu,
Kowa da AK a kafaɗarsu,
Mu ko carbi muke nuna musu,
Su nuna daji, dole mu shiga.

Ku tuna Sabon Birni, Disamba,
Ta 2021, ba mu manta ba,
An ƙona mota, mutane ba su fita ba,
Sama da 20, ba mai ko harba-ruga.

Da cikinsu akwai mutum biyu da ƙarfe,
Ko da ba su kai ga ganin safe,
Da ɗan ta'adda ɗaya dai ya kife,
Na bayansa ya ji tsoro, ya farga.

Baba Direba Funtuwa:
Wa'alaikumussalam ɗana. Ni ba sha'iri ba ne sitiyari na sani, amma tunda motata ake son mayarwa barikin soja ai ba zan yi shiru ba.

Ɗana na ji ka, zafinka gaskiya ne,
Abin da ka lissafa duk haka ne,
Amma ka tambayi wanda aikinsa ne,
Kullum da fasinja yake fita ya shiga.

Mutum 18 a bas a cunkushe,
Wani da yunwa, wani a ƙoshe,
Rana ta take, maƙogwaro a bushe,
Faɗa na tashi a kan kujerar taga.

An shaƙe yaron mota a kan canji,
Na ba da haƙuri har sai da na gaji,
To da ƙarfe a ƙugu wa zai ji?
Kafin in taka birki an buga.

Su na daji ba sa sanarwa,
Taya da direba suke fara nemowa,
Kai kana tsakiya ba wurin juyawa,
Gwiwa a ƙirji, ta ina za ka ɗaga?

Harsashi ɗaya in ya fito daga mota,
Za su ce soja ne a cikinta,
Su yi ruwan wuta su tarwatsa ta,
Har mai goyo, ba wanda zai ruga.

Maman Ilham:
Baba Allah ya ƙara girma, wallahi ka riga ni. Ni 'yar saro ce kullum ina kan hanya da yarinya a baya, don haka maganar nan ta shafe ni fiye da masu motar kansu.

Yayana Ɗan Shinkafi ga tambaya,
In na hau bas daga Kano zuwa Zariya,
Na kusa da ni da ƙarfe a baya,
Da me zan gane na kirki ne na ga?

Bin doka ba a rubuta shi a goshi,
Mugu ma na fesa turare mai ƙamshi,
Ya yi sallama da murya mai taushi,
Da hula zanna da babbar riga.

Yau in an ga ƙarfe an san mugu ne,
'Yan kamasho su ce tsaya, wane ne?
Gobe ya zaro kati ya ce halal ne,
Infoma ya samu ƙofar shiga.

Ɗan Shinkafi:
Hajiya ai ba ni na fara faɗa ba. Masari yana gwamnan Katsina ya ce mutane su nemi makami su kare kansu tun 2021, Matawalle kuma yana gwamnan Zamfara a Yunin 2022 har fom 500 ya ce a kai wa kowace masarauta cikin 19 na Zamfara don masu son lasisi, to ni wane ne.

Hajiya ba ni na ƙirƙiro ba,
Masari a Katsina bai ɓoye ba,
Matawalle ya maimaita, ba ku ji ba?
Gwamnoni ne fa, ba 'yan zuga.

Mai jiniya ya ce ka kare kanka,
Ya san ba zai iya tsare ranka,
To in a gida an yarda da ƙarfenka,
Hanya ai ita ce fagen daga.

Ɗalibin Lauya:
Yaya a yi min afuwa in ɗan sa baki da abin da muka karanta. Dokar makamai ta 1959 kashi uku ta yi wa bindiga, akwai waɗanda aka haramta irin su AK kuma har da fistol a cikinsu wannan sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai irin doguwar nan mai baki biyu wannan Sufeto Janar ne ke ba da lasisi, sai adaka ta maharba ita ce ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, gwamna dai ba shi ke ba da lasisi ba. Shi ya sa Janar Irabor yana Babban Hafsan Tsaro ya fito ya ce Matawalle ba shi da wannan hurumin. Kuma a 2023 ma 'yan sanda sun ce sun dakatar da ba da sabon lasisi.

Gwamnoni sun faɗa, ban musa musu,
Sai dai lasisi ba ya hannunsu,
Irabor ya fito ya tuna musu,
Fom ɗin bai zama izini ba.

Ƙaramar da za ta ɓuya a aljihu,
Doka ta hana, ko ka yi ihu,
Doguwar kuwa sai dai a buhu,
Tana ƙasan kaya a but, sai burga.

Maman Ilham:
Hhhh ƙanena ka kauce, baitin farko a "ba" ya sauka ba "ga" ba, lauya guda ya karya doka. Tara!

Ɗalibin Lauya:
Anti na amsa, ga baiti biyu a kan abin da ya faru a 2022.

Ga tara, jirgin Abuja zuwa Kaduna,
Daren 28 ga Maris mu tuna,
Bam suka sa a layi wajen Rijana,
Da jami'ai a ciki aka fasa aka shiga.

Sama da 60 suka kwasa,
Suka yi daji da su can nesa,
Wata 6 ana ta batun fansa,
Bam fa, ina ruwansa da 'yar bindiga?

Baƙon Bronx:
Gaisuwa ga manya. Mu nan Amurka wannan rigimar har kotu take zuwa, a Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta ce mutum na da 'yancin fita da bindigarsa ba sai ya kawo wani dalili na musamman ba, jihar New York kuwa ba ta ɓata lokaci ba ta yi sabuwar doka ta ware wuraren da ba a shiga da ita, ciki har da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da Times Square. Masu ra'ayin Yaya Ɗan Shinkafi suna nan da yawa kuma ba su haƙura ba, suna ta kai ƙara.

Gaisuwa daga ɗan Zangon Kumasi,
Ina New York ina jan tasi,
Nan ko da kana riƙe da lasisi,
Jirgin ƙasa ba ka hawa da bindiga.

Afrilun 2022, Brooklyn da safe,
Wani ya saki hayaƙi, tarago a rufe,
Ya harbi 10, jama'a suka kife,
Allah ya tsare, ba gawar da aka ƙirga.

Ka ce mutum 5 sun zaro nasu,
Cikin hayaƙi ba sa ganin junansu,
'Yan sanda sun iso sun tarar da su,
Wane ne maharin, wa za a zarga?

Ɗan Shinkafi:
Ɗan uwa ka faɗa da bakinka, 'yan sanda sun iso. Ku can kafin ka ajiye waya an zo, mu a hanyar Ƙaura wani wurin ko sabis babu balle a zo, kar ka haɗa mu da ku don Allah.

Jikan Sarkin Baka:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba, amma akwai abin da duk kuka tsallake kuma shi ya fi ci min rai.

Ni gidan farauta aka haife ni,
Warin albarushi bai firgita ni,
Amma ɗan uwa tsaya ka saurare ni,
Akwai abin da ba ka sa a ƙirga.

Maris 2025, garin Uromi,
Jihar Edo, ana ƙarshen azumi,
'Yan banga suka tare, suka ga makami,
Adaka ce ta farauta, harba-ruga.

Daga Fatakwal suke, za su gida Sallah,
Mafarauta ne, bayin Allah,
Aka ce masu satar mutane ne wallah,
Kafin a bincika gari ya ɗau zuga.

Mutum 16 aka cinna wa wuta,
Laifinsu ƙarfen da ke cikin mota,
Aka bar marayu, aka bar mata,
Ƙarfen nan na kariya shi aka hanga.

Bahaushe da bindiga a motar haya,
In ya wuce Lakwaja ya kama hanya,
Kati ba zai hana a rataya masa taya,
Taro ba ya karanta kati, sai yaga.

Kuma fa ba shi kaɗai zai tafi ba,
Direba da yaronsa ba su tsira ba,
Da wanda bai san da ƙarfen a ciki ba,
Duk mota ɗaya ce a idon 'yan banga.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu ya raya abin da suka bari.

Ɗan Shinkafi:
Amin Hajiya. Malam Maharbi ka taɓa min wurin da ba ni da amsa, ta Kudu na bar maka. Amma hanyarmu ta nan fa tana nan yadda take ba abin da ya canza, kuma tunda Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar sa-kai ta Katsina a Oktoban 2023 Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa, rundunar sa-kai ta Zamfara, a Janairun 2024, ga wata shawarar.

Allah jiƙansu, na ɗan yi shiru,
Na san abin da ka faɗa ya faru,
Amma ban sauka ba sai an gyaru,
Hannu rabbana na gaji da shiga.

To ga Askarawa a jiharmu,
Katsina ma na da irin namu,
A sa ɗaya gaban kowace motarmu,
Mai kaki da izini, kowa ya ga.

Baba Direba Funtuwa:
To yanzu ka fara magana ɗana, sai dai ka manta da aljihun direba. Bari in amsa da sauri an kusa kiran lodina.

Askari a gaba kujera biyu ce,
Ɗaya tasa, ɗaya ta ƙarfen ce,
Ga mai, ga na shinge, riba ta ɓace,
A kan kuɗin motarku zan ƙirga.

In gwamnati za ta biya na yarda,
Mu tashi ayari, gaba motar 'yan sanda,
Amma fasinja mai ƙarfe ko da takarda,
Ya nemi wata motar, tawa ba ya shiga.