Katin bashin kanti a Amurka: shawarwarin da aka bayar

A hirar da muka yi da 'yan'uwa mazauna Amurka kan katin bashi na manyan kantuna, abin da aka fara jan hankali a kai shi ne ba kantin ke ba ka bashin ba, banki ne. Katin kantin Lowe's na hannun bankin Synchrony, na Macy's kuma na hannun Citibank. Don haka idan za ka shiga asusunka ta intanet, ka duba bayan katin ko takardar lissafinka, ka rubuta adireshin intanet ɗin da ke jiki da kanka. Kada ka latsa mahaɗin da aka turo ta saƙon waya, nan 'yan damfara ke ɗana tarko. Kalmar sirrin ma ta zama ta wannan asusu kaɗai.

Inda aka fi daɗewa shi ne kuɗin ruwa, wanda kan kai kusan kashi 30 cikin ɗari a shekara. Wata baiwar Allah ta yi bayanin tayin nan na wata 12 ba ruwa: idan wa'adi ya cika da saura ko dala 20, sai a lissafa maka ruwan tun daga ranar sayayya. Wannan ya tsaya mini a rai, domin yawancinmu gudun riba muke yi. Shawarar ita ce ka saita asusun ya riƙa cire dukkan bashin da kansa kowane wata, ba mafi ƙarancin biya ba.

Idan kuma ka ga cajin da ba naka ba, doka ta ba ka kwana 60 daga ranar aiko takardar lissafi ka kai wa bankin ƙorafi a rubuce.