Me kuka ƙara a shafinku na intanet da ya yi muku amfani?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Wata biyu ke nan da na buɗe shafina na kaina, na sayi suna mai ƙarewa da .com.ng na ɗora manhajar gina shafi ta WordPress a kai, to amma har yanzu ba komai a ciki sai hotona da ɗan tarihina da wasu ayyukan da na yi wa mutane, ni sana'ata zanen tambari da katin biki da fosta. Duk wanda na tura wa sai ya ce ma sha Allah ya yi kyau, shi ke nan ba zai sake leƙawa ba. Abin na damuna gaskiya, don kuɗi na kashe kuma ina so in samu wurin da yake nawa, tunda dai mun ga yadda aka dakatar da Twitter a watan Yunin 2021 ba a buɗe ba sai Janairun 2022, ni kuwa a lokacin ta can yawancin masu ba ni aiki suke samuna. Abin da kai da kanka ka saka ka ga amfaninsa ko ka sha wuya a kansa shi nake son ji.

Maman Ilham

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ni ɗinki nake a Kaduna kuma shekarata uku da shafi. Abu na farko ka sa maɓallin WhatsApp, wallahi shi ya canza min komai. Da fom ne da ni wanda mutum zai cika suna da imel da saƙo, a shekara guda ban jin an cika shi ya kai sau biyar, mutanenmu ba sa son cike-cike, so suke su danna kawai su ce salamu alaikum nawa ne wannan. Yadda ake yi ba wuya, ka rubuta wa.me/ sai 234 sai lambarka ba tare da sifilin farko ba, kana ma iya haɗa masa rubutu ya fito da kansa, ni a ƙarƙashin kowace riga na sa nata, in mace ta danna sai saƙon ya zo min da sunan rigar, ba sai na tsaya tambayar wacce take nufi ba.

Na biyun kuma shafin yadda ake awo. Akwai wata baiwar Allah daga Jos da ta turo min awonta ta waya, na ɗinka mata doguwar riga ta atamfa mai tsada, ashe daga wuya ta fara auna hannu maimakon daga kafaɗa, rigar ta iso hannu ya rufe mata yatsu gaba ɗaya, biki saura kwana biyu, ta kira ni muryarta na rawa, ni ma ranar ban iya cin abinci ba. Washegari na sa ƙanwata ta tsaya na riƙe tef muka ɗauki hoto tara, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu har zuwa tsawon siket, kowanne na rubuta bayani layi biyu a ƙasa. Yanzu duk wadda ke nesa shi nake fara tura mata, kuma har teloli 'yan'uwana suna tura wa nasu kwastomomin. Kai ma ka duba tambayar da aka fi yi maka ka yi mata shafi.

Injiniya Sabon Gari

Anti ta faɗi gaskiya. Amma Ɗan Fagge kafin ka ƙara komai ka fara rage nauyi, na buɗe shafinka yanzu da wayata hoton farko kaɗai ya haura megabayit 4. Mutumin da ya sayi data ta kwana ɗaya yana lallaɓa ta ba zai jira ba. Ku masu zane kuna son aikinku ya fito tas, na gane, amma a fuskar waya ba mai bambance hoton megabayit 4 da na kilobayit 150. Ka shiga shafin Squoosh ko TinyPNG ka matse su, ka mayar da su WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, faɗin kar ya wuce pixel 1200. Kuma ka riƙa gwada shafin da ƙaramar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi, ba da kwamfutarka ba. Ni da na yi nawa na cika shi da hotuna masu juyawa da rubutu mai tashi sama, sai da na je gida hutun sallah na ce bari in nuna wa Baba, muka zauna a zaure muna kallon farin allo kusan minti biyu, ya miƙo min wayar ya ce in ya buɗe ka kira ni. Da na dawo duk na cire su.

Sannan na ga babu ɗan kwaɗon nan mai nuna tsaro, wato https, a gefen adireshinka. Tun 2018 Chrome ke nuna wa mutane cewa shafi ba shi da tsaro in ba https ba ne, mutum na gani zai tsorata ya fita. Let's Encrypt kyauta suke ba da shaidar https ɗin, yawancin masu hostin, wato kamfanonin da ke ajiye shafi, dannawa ɗaya ne a wajensu.

Ɗan Fagge

Na gode Injiniya, wallahi ban taɓa lura da nauyin ba don kullum da wayfai na shago nake buɗewa. Anti Maman Ilham, farashi fa? Kina rubutawa a fili?

Maman Ilham

Ina rubutawa, amma cewa nake daga kaza zuwa sama, kuma na sa ranar da na sabunta a ƙasa saboda yadda kaya ke tashi.

Mai Hoto Zariya

Ni kam a nan ban bi Anti ba, ki yi haƙuri. Na taɓa sa farashin ɗaukar hoton biki, wata shida ban taɓa shi ba, sai ga wani ya zo da hoton shafin a wayarsa ya ce ai ga abin da ka rubuta, alhali kuɗin mota da na buga albam duk sun ninka, haka na yi masa aikin da asara don ba na son a ce na saɓa magana. Aikinmu da na Ɗan Fagge ba kamar riga ba ne, wani tambarin awa biyu ne wani sati biyu ana gyara. Abin da na sa a madadinsa shi ne bayanin yadda nake aiki, rabin kuɗi kafin a fara, gyara sau nawa ne kyauta, kwana nawa ake karɓa. Rigima ta ragu sosai.

Abin da ya fi jawo min mutane kuwa labarin aiki ne. Maimakon in zuba hoto hamsin, sai in ɗauki biki ɗaya, da izinin masu shi, in ba da labarin yadda aka yi, wutar da ta ɗauke ana tsakiyar kamu, yadda muka yi da fitilar waya. Amma fa a nemi izini, musamman hoton mata da yara, wannan ba abin wasa ba ne a wajenmu.

Malam Na Tudun Wada

Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa a sakandare, shafina kuma na darussa ne da Hausa ga masu shirin WAEC da NECO. Abin da zan ƙara shi ne murya. Na yi wata da watanni ina rubutu, yaran ba sa karantawa, ranar da na fara ɗaukar bayanin da bakina ina ɗorawa a saman kowane darasi sai ga saƙonni har daga iyaye, wata uwa ta ce ita ba ta yi boko ba amma tare suke saurare da ɗanta tana tsare shi har ya gama. Jama'armu mutanen rediyo ne tun fil azal, kunne ya fi ido aiki. Ina ajiye shi MP3 a kan kilobit 64 a sakan, minti ɗaya bai cika rabin megabayit ba, darasin minti goma bai kai megabayit 5 ba, kuma na sa wajen saukewa don su tura wa juna ta Xender ba sai kowa ya kashe data ba. Kai Ɗan Fagge ko gaisuwa ce ta minti ɗaya ka ɗauka ka ce ni ne wane ga abin da nake yi, mutum in ya ji muryarka ya fi sakin jiki ya turo kuɗi.

Abu ɗaya, kar ka sa ta fara da kanta da an buɗe shafi. Wani yana cikin masallaci ko ofis.

Uwar Marubuta

Malam ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi, zancen Hausa. Ni labarai nake rubutawa ina sakawa babi-babi duk Juma'a, kuma wahalar da na fi sha ita ce haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Na zaɓi wani salon rubutu mai kyau, ashe ba shi da su, duk inda ƙ ta zo sai ta fito wata iri daban kamar an aro ta, a wasu wayoyin ma ɗan akwati ne ke fitowa, wata mai karatu ta turo min hoton shafin ta ce Anti wannan wane yare ne, raina ya ɓaci ba kaɗan ba don babin da na fi wahala a kansa ne. Sai da aka nuna min salon Noto Sans da Andika, su suna da haruffan duka. Kafin ka zaɓi salo ka rubuta ƙoƙari da ɓarawo da ɗanɗano ka gani da idonka. Kuma ka daure ka riƙa sa su, Gboard, allon rubutu na waya, na da Hausa, don ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka ɗaki da daki.

Wajen sharhi kuma ka yi tunani kafin ka buɗe. Yana da daɗi, masu karatuna har faɗa suke yi a kan wadda ta fi gaskiya tsakanin uwargida da amarya, shi ke dawo da su duk sati. Amma sati na farko sharhin banza sama da ɗari na tarar, tallan caca da abubuwan da ba sa faɗuwa, sai da na sa Akismet mai tace sharhin banza na kuma saita cewa ba abin da zai fito sai na duba. In ba ka da lokacin dubawa gara ka bar shi a rufe.

Ɗan Maraɗi

Ina gaida ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan ƙari gare mu, harahin ƴ da muke rubutawa inda ku kuke sa 'y, shi ma sai an gwada shi. Ni hwata nike saidawa, takalma da jakkuna, kuma shahina harshe biyu ne, Hausa da Faransanci, da ɗan maɓalli a sama mutum ya zaɓa. Da hannuna na rubuta kowane, ban bar na'ura ta juya mini ba. Kuɗɗi ma iri biyu nike sawa, sefa da naira, tunda masu saye daga Katsina da Kano suna da yawa, lambar WhatsApp kuma da 227 taka hwarawa. Ɗan Fagge in kana son aiki daga wajenmu ka rubuta a hili cewa kana karɓa daga Nijar da yadda za a biya ka, da yawa suna ganin ba ya yiwuwa sai su wuce.

Abban Sadik

Ni nawa darasin mai ɗaci ne. Shekara huɗu ina rubuta tarihin unguwarmu, hira da dattawa, hotunan tsofaffin gidaje da wasu an rushe su yanzu, har da wasiƙun kakana na ajami da na ɗauka na rubuta su da salon Alkalami wanda aka yi shi a kan irin rubutun allo na ƙasar Kano. Lokacin sabunta biya ya zo, saƙon ya tafi wani tsohon imel da na daina buɗewa, ina kwance asibiti a lokacin, da na farfaɗo na buɗe shafi babu. Kamfanin suka ce sun goge. Biyu daga cikin dattawan da na yi hira da su sun riga sun rasu, Allah ya jiƙansu. Wani yaro ne ya nuna min Wayback Machine, shafin da ke ajiye kwafin tsofaffin shafuka, na samu kamar rabin rubutun a can, na yi kwana uku ina kwafa ɗaya bayan ɗaya, amma muryoyin ba su dawo ba, har yau in na tuna muryar Baba Liman yana lissafa sunayen rijiyoyin unguwa sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

To dan Allah ƙanina kafin maɓalli kafin murya, ka sa abin da zai riƙa ajiye maka kwafi, manhajar UpdraftPlus ta WordPress na yi, ya tura Google Drive duk sati, ka kuma sauke wani a filashi. Ranar ƙarewar sunan shafi ka rubuta ta a bangon shago in ta kama.

Uwar Marubuta

Innalillahi. Allah ya jiƙansu da rahama. Abban Sadik wallahi yanzu na tashi na duba nawa, rabon da ya ajiye kwafi tun watan azumi ashe.

Ɗan Fagge

Amin ya Allah, Yaya Abban Sadik Allah ya mayar da alheri, naka na fara yi tun daren jiya. Na matse hotuna, shafin farko gaba ɗaya yanzu bai kai megabayit ɗaya ba, kwaɗon ma ya fito. Na sa maɓallin WhatsApp, farashi dai na bi Mai Hoto na rubuta yadda nake aiki, Anti ki yi min afuwa. Tambayar da aka fi yi min ita ce me zan turo maka in ina son katin biki, to ita nake rubuta wa shafi yanzu, sunayen ango da amarya yadda ake so a rubuta su, ranaku da wuraren kamu da ɗaurin aure da walima, launin ankon, da girman da mai buga katin yake so. Malam, muryar ce ta tsaya min, na ɗauka sau huɗu ƙarar janareton maƙwabta na shiga, da wane lokaci kake ɗaukar taka?

Malam Na Tudun Wada

Bayan sallar asuba, kafin 'yan adaidaita su fito. Ka shiga ɗaki mai labule da katifa ka rufe ƙofa, wayar kuma kar ka manna ta da baki, ka ba ta kamar taƙi ɗaya.