Muhawara: Jiƙa sabon takalmin hawa tausasa shi yake yi ko kashe shi?

Matashin mahayi: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Na sayi dogon takalmin hawa na fatar shanu saboda hawan sallah, amma taurinsa ya kai yana cin dunduniyata da bayan gwiwa. An ce mini in tsoma shi a ruwan ɗumi, in saka shi a jiƙe, in yi ta yawo har ya bushe a ƙafata. Shin wannan shawara abin ɗauka ce?

Dattijon mahayi: Wa'alaikumus salam. Ɗana, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Fata idan ta sha ruwa sakin jiki take yi, idan kuma ta bushe a kan ƙafa sai ta riƙe siffar wannan ƙafar. Abin da zai ɗauke ka makonni sai ka gama shi a yini guda. Ka dai sa safa mai kauri, kada bororo ya fito maka.

Baduku: Baba, a gafarce ni, amma ban goyi bayan a faɗi maganar haka kai tsaye ba, domin ba kowace fata ce ke karɓar ruwa iri ɗaya ba. Wadda aka jeme da bagaruwa, irin ta majemanmu na cikin birnin Kano, ita ce ke lanƙwasuwa a jiƙe ta kuma tsaya yadda aka bar ta, shi ya sa mu ma muke yayyafa mata ruwa kafin mu ɗora ta a kan katako mai siffar ƙafa. Wadda masana'antun Challawa da Sharaɗa suka jeme da sinadarin kirom ba ta riƙe siffa kamar haka. Ban da wannan, ruwa idan zai fita yakan tafi da maiƙon da ke cikin fata, saboda haka wanda ya jiƙa takalmi da hunturu bai bi shi da mai ba, zai tarar taurinsa ya fi na da, daga baya ya tsattsage daidai inda idon sawu ke naɗewa. Da damina kuwa fumfuna ce za ta kama cikinsa kafin ya bushe.

Dattijon mahayi: To ai maganarmu ɗaya ce, Malam. A jiƙa, a bar shi ya sha iska a inuwa, sannan a dulmuya shi da mai.

Ɗan wasan folo (ƙwallon doki): Yallaɓai, dulmuyawar nan ita ma ina da ja a kanta. Dogon takalmi ana son jikinsa ya tsaya ƙyam ya tallafi ƙwauri, idon sawu kaɗai ake so ya yi laushi. Idan mai ya yi yawa sai ya zube ƙasa kamar buhu, kuma ba ya komawa yadda yake. Gefen da ke gogar sirdi ma ba a shafa masa komai, don santsi zai hana ka kama doki da ƙafa. Sannan takalman da ake kawowa daga Ajantina da Turai galibi da zif da gam a jikinsu, tsomawa kuwa na iya sa gam ɗin ya saki.

Matashin mahayi: To yaya zan yi da cin bayan gwiwar, yayana?

Ɗan wasan folo: Irin wannan takalmi da gangan ake yinsa da ɗan tsawo, domin idan idon sawu ya naɗe takalmin zai sauka da kimanin inci 1. Ka sa ɗan tsumma ko soso a ƙarƙashin dunduniya ya ɗaga ka, ka tsaya a bakin matakala kana sauke dunduniya kamar kana kan likkafa, ka riƙa saka shi a gida na ɗan lokaci kullum.

Baduku: Na yarda da wannan. Idan an matsa sai an yi amfani da ruwa, a jiƙa tsumma a goga ta ciki daidai wurin da ke cizo, kada a kai shi rana ko kusa da murhu. Man kaɗanya kaɗan da ɗan yatsa ya isa. A guji man gyaɗa, yana wari kuma yana kiran ɓera.

Dattijon mahayi: Kun yi bayani, Allah ya yi albarka, amma ni a kan takalmin bagaruwa ina nan kan bakana. Ɗana, ka fara tambayar mai sayarwa da me aka jeme fatar taka.