Ya bar aiki tun bara, wayarsa tana hawa wayalas ɗinmu har yanzu

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiya, ma'aikata kusan 40 a bene mai hawa biyu. An sayo na'urorin watsa wayalas guda shida, an ce in kafa su, in kuma rubuta ƙa'idojin amfani. Damuwata ita ce kalmar sirri ɗaya ce ta kowa da kowa, har an rubuta ta a takarda an manna jikin ƙofar ɗakin taro. Makon jiya na ga sunan wayar wani da ya ajiye aiki tun bara a jerin waɗanda suka hau. Kwamfutar albashi ma a kan layin take. Ta ina zan fara?

Mai_Kebul:
Wa alaikumus salam Malama. Canza kalmar ba zai raba ki da matsalar ba, kafin sati ta sake zaga gari. Ki koma WPA2-Enterprise, ko WPA3 in na'urorin sun iya, tare da 802.1X da sabar RADIUS, wato tsarin da ke tantance kowane mutum kafin ya hau layi, da kwamfutar da ke yin tantancewar. FreeRADIUS kyauta ce. Kowa da sunansa da kalmarsa, ranar da mutum ya tafi ki rufe nasa kawai, sauran ba ruwansu. Baƙi ki ware musu layi a VLAN daban, wato keɓaɓɓen sashe na hanyar sadarwar, intanet kaɗai za su samu, kuma ki hana na'urorinsu ganin juna. WPS kuwa, wato hanyar hawa layi da 'yar lamba ko danna maɓalli, ki kashe shi, tun 2011 aka gano lambarsa tana da sauƙin fasawa.

Baban_Hafsa:
Na yarda da Malam. Wajen kafawa kuma, don Allah kada ki ƙure ƙarfin kowace na'ura. Waya za ta ji na'urar daga nesa ta maƙale mata, amma muryarta ba za ta isa can ba, sai mutum ya ga sandunan sigina cike, shafi ya ƙi buɗewa. A zangon 2.4 GHz tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa shiga juna, ki bambanta su tsakanin na'urori maƙwabta har da na hawa na sama. Yawancin aiki ki tura shi 5 GHz. Ki ɗaura su a silin, ba bayan kabad na ƙarfe ba, kuma kowane kebul kada ya wuce mita 100 daga suwic, akwatin da kebul ɗin suke haɗuwa a kai.

Ummu_Safiyya:
Allah ya saka da alheri. To firintocinmu biyu fa, ba su san 802.1X ba?

Mai_Kebul:
Ki ja musu kebul in da hali. In babu, ki yi musu ƙaramin layi nasu, kalmar a hannunki ke kaɗai, amma sunayen layukan kada su wuce uku, kowane suna yana cin nasa rabon iska, yana rage saurin wayalas ɗin. A cikin ƙa'idojin ki sa sashen ma'aikata ya sanar da ke a rubuce ranar da wani zai tafi, shugaba ya sa hannu a kai. Ba tare da wannan sanarwar ba, asusun wanda ya tafi zai zauna a buɗe ko da RADIUS.