"Ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne": wa ake jefa wa wannan magana?

Baban Hafsa, Ringim: Salamu alaikum. An yi musu a majalisa kan wannan karin magana. Wasu sun ce gargaɗi ne ga mai raini, wasu sun ce habaici ne ga gwani. Masana, a warware mana.

Malam Ɗanjuma, Auyo: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan masu cewa gwani ake nufi. Da rago ake wa magana, da kaza za a ambata. An zaɓi kwaɗo ne don ruwa gidansa ne, a ciki aka haife shi. Ma'ana, ko a fagen da ka iya akwai inda ba a shiga. Dillalin da ya saba da cinikin tumaki ya tsoma baki a rikicin gona tsakanin magada, shi ake gaya wa.

Malama Uwani, Dawakin Kudu: Malam, na yarda da rabin maganarka, amma "ruwa gidansa ne" akwai gyara. Kwaɗon da ke kwana gindin randa ɗan tudu ne. Masana na kiransa Sclerophrys regularis, daga dangin Bufonidae. Ana samunsa daga Sanagal har bakin kogin Nilu a Masar. Ruwa sai hayayyafa ke kai shi: da saukar damina maza su taru bakin kududdufi suna kuka da dare, namiji ya hau bayan mace ya riƙe ta ta hammata, ita kuma ta zuba ƙwai a jere cikin dogon zare mai yauƙi kamar carbi. Mai zama cikin ruwa dindindin shi ne burduddugi, mai santsin fata da dogayen ƙafafu, wanda ake kamawa a fadamun Haɗeja ana busarwa. Danginsu ma ba ɗaya ba ne.

Malam Ɗanjuma, Auyo: To Malama, ashe masu karin maganar sun yi kuskure ke nan?

Malama Uwani, Dawakin Kudu: Ko kusa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Zama yake a kan laima, fatar cikinsa ta tsotso, shi ya sa za ka gan shi ya baje a jiƙaƙƙen wurin da ake ajiye buta. Wani ɓangare na numfashinsa ma ta fata ne. Jikinsa kuma ba ya riƙe ɗumin kansa, zafin wurin da yake shi ne zafinsa. Ba gashi, ba ɓawo, ba zufa. Abin da ya ba shi iko da ruwa shi ne ƙofar da zafi zai bi ya kashe shi. Haka ruwan omo da maganin feshi ke yi masa.

Alhaji Mai Kifi, Haɗeja: A ƙara da wannan. Labarin da ke yawo a intanet cewa in an ɗumama ruwa a hankali kwaɗo zai zauna har ya dahu, ba gaskiya ba ne. Da ya ji zafi yake neman fita, in akwai hanya. Waɗanda ba su da zaɓi su ne 'ya'yansa baƙaƙe masu jela: in kududdufin ya ƙafe kafin su fitar da ƙafafu, sun tafi ke nan.

Baban Hafsa, Ringim: Alhaji, kuma za a iya faɗa wa babba?

Alhaji Mai Kifi, Haɗeja: A'a, ɗana. Daga sama take sauka, ko tsakanin sa'anni cikin raha. Ka gaya wa dattijo, ka kira shi kwaɗo ke nan a gaban jama'a. Kuma kafin a shiga ake faɗinta. In mutum ya riga ya afka, wadda ta dace ita ce "tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya".

Malam Ɗanjuma, Auyo: Ni dai kar a raina kwaɗon. Ƙulluman nan biyu na bayan idonsa farin dafi suke fitarwa mai taɓa zuciya. Kare ya cafke shi, nan take bakinsa ya yi kumfa. A sunkuyar da kan karen, a goge dasashi da jiƙaƙƙen tsumma ana ɗaurayewa, kada a ɗura masa ruwa ya shaƙe. In ya fara kakkarwa sai likitan dabbobi.