Neman kalma: ciwon da ke kama naman zuciya kansa, me za mu kira shi?

Mai neman kalma, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya bayanin lafiya da za a karanta wa jama'ar unguwarmu, a kan gwajin da masu bincike ke yi da maganin rage kitsen jini, ko zai iya rage saurin lalacewar zuciya. Biyu daga kalmomin ba su ba ni wahala ba. Kolestarol na bar shi "kitsen jini", haka mata ke faɗa in sun dawo daga Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye. Maganin kuma sitatin, tunda sunan dangin magani ne. Wadda ta cije ita ce cardiomyopathy. In na ce "ciwon zuciya", kowa zai gyaɗa kai, kowa kuma da abin da ya ji: wani hawan jini, wani toshewar jijiya, wata tsohuwa baƙin cikin da ɗanta ya ƙunsa mata. Ina son kalmar da za ta ware wannan ciwo daga sauran.

Nas, Asawase

Wa alaikumus salam Malam. A bakin marasa lafiya "zuciyata ta kumbura" muke ji, don haka likita ke nuna musu a hoton ƙirji. Me zai hana mu ce kumburin zuciya? An riga an saba da shi.

Ɗalibin likitanci, Nima, Ankara

Anti, ki yi haƙuri in ɗan ja da ke. Kumburi ya dace da iri ɗaya kawai, wanda ɗakin zuciya na hagu ke buɗewa, bangonsa ya yi laushi, ya kasa matso jini da ƙarfi. Akwai wanda bangon ke yin kauri, yawanci gado ne, shi ne kan kayar da saurayi a filin ƙwallo ba tare da ya taɓa kwanciya ciwo ba. Akwai kuma wanda bangon ke sandarewa, zuciyar ta kasa saki ta cika da jini. A waɗannan biyun sau da yawa hoton ƙirji ba ya nuna wani girma na a zo a gani, sai an ɗora na'urar eko, mai nuna hoton zuciya ta hanyar sauti. Sannan hawan jini da ya daɗe ma yana girmar da zuciya. In muka ce kumburi, mun shigo da wanda ba ya ciki, mun bar na ciki a waje.

Mai neman kalma

To ka gani, nan ne damuwata. Kuma bambancin ba na ƙawa ba ne, shi ne gwajin gaba ɗaya. Kitsen jini bututu yake toshewa, wato jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Wannan ciwo kuwa injin famfon ne da kansa ya raunana, bututun na iya zama lafiya lau. Sitatin an san aikinsa a bututu tun da daɗewa: Akira Endo ɗan Japan ya samo na farko daga wata irin funfuna a shekarun 1970, aka amince da lobastatin a Amurka a 1987, kuma a hanta yake aiki, yana taka wa sinadarin da ke haɗa kitsen birki. Tambayar masu bincike ita ce ko yana da wani amfani na daban ga naman zuciyar, tunda an ga alamun yana rage kumburin cikin jiki, yana gyara shimfiɗar cikin jijiya. In kalmarmu ta haɗe biyun, mai sauraro zai tashi da cewa an riga an tabbatar.

Mahauci, Sabon Zango

Malam, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma kullum zuciya na hannuna. Ka tsaga ta saniya ka gani: kitse yana sama, ya yi mata rawani wajen jijiyoyi, fari fat. Ƙasansa kuwa jan nama ne zalla, ɓangaren hagu ya fi na dama kauri nesa ba kusa ba. Mu ba ma cewa nama kawai, don nama ya haɗa da kitse da jijiya da tantani. Wannan jan, tsoka muke ce masa.

Malamin Islamiyya, Mamobi

Sarkin fawa ya gama magana. Duk yaron da ya karanta Arba'una ya haddace hadisi na shida, inda aka ce a cikin jiki akwai wata tsoka, in ta gyaru jiki duka ya gyaru, in ta ɓaci jiki duka ya ɓaci, ita ce zuciya. Da tsoka malamanmu ke fassara shi a zaure tun kaka da kakanni. Kunnen Bahaushe ya riga ya san zuciya tsoka ce. Ku ce ciwon tsokar zuciya, ba wanda zai tambaye ku me kuke nufi.

Nas, Asawase

Na karɓa, Allah ya ƙara ilimi. Kuma tana karɓar wutsiya cikin sauƙi: ciwon tsokar zuciya mai saki, mai kauri, mai sandarewa. Ina roƙon a ƙara na huɗu, na jego. Shi ne ke kama mace a watan haihuwa ko 'yan watanni bayanta, ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa sama-sama, ta kasa kwanciya rigingine sai an tara mata matashi uku. Dangi su ce gajiyar haihuwa ce, a ƙara mata kunu. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun rubuta yadda ya yi yawa cikin matan Hausawa, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da kwanciya kan gadon wuta. Daga baya masu bincike a Kano sun duba ƙarancin sinadarin seleniyam ma. Mu matan Zango wannan ya fi shafarmu, kuma sai abu ya samu suna mace ke iya faɗa wa mijinta a kai ta asibiti.

Ɗalibin likitanci

Malam, in za ka rubuta sakamakon gwaji, ga abin da za ka iya tsayawa a kai. Manyan gwaje-gwaje biyu da rosubastatin, ɗaya daga dangin sitatin, ga masu gazawar zuciya, CORONA a 2007 mai mutum 5,011, da GISSI-HF na Italiya a 2008, ba su nuna raguwar mace-mace ba, duk da kitsen jinin ya sauka sosai. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ga lobastatin ya gyara ƙwayoyin jijiya na masu wani irin ciwon tsokar zuciya na gado, amma akasarin aikin a ɗakin gwaji ne. Wanda ya fi ba da ƙwarin gwiwa shi ne STOP-CA a 2023: masu kansar limfoma 300 da ake ba maganin da ke raunana tsokar zuciya. Cikin waɗanda suka sha atobastatin shekara guda, kashi 9 cikin ɗari ne ƙarfin zuciyarsu ya faɗi sosai, ɗaya rukunin da bai sha shi ba kuwa kashi 22. Kariya ce ga rukuni ɗaya na mutane, ba waraka ga kowa ba.

Mai neman kalma

Madalla. Saura ɗaya da ta ɓullo daga maganarka: abin da aka ba ɗaya rukunin, placebo. Wani ya ce mini in rubuta "maganin jabu", na ƙi. Jabu shi ne abin da hukuma ke kamawa a kasuwa, in na faɗe shi a masallaci na shafa wa duk wani bincike baƙin fenti, alhali wanda ya shiga gwaji an gaya masa tun farko, ya sa hannu, kuma ba a janye masa magungunansa na kullum.

Malamin Islamiyya

Ka ce ƙwayar fanko. Kamanni iri ɗaya, ciki babu sinadari, kuma ba zargi a kalmar.

Mai neman kalma

An gama. Ga yadda zan karanta: "Ana gwada ko sitatin, maganin rage kitsen jini, zai iya rage saurin ciwon tsokar zuciya. Ana ba wasu maganin, wasu ƙwayar fanko, a kwatanta. Har yanzu bai zama maganin wannan ciwo ba, kada wanda ya saya ya sha don kansa, kada kuma wanda likita ya rubuta wa saboda kitsen jini ya daina." Anti, ki duba mini sashen na jego kafin Alhamis, ina so mata su ji shi daga bakinki.